Abin da Likita Ya Hango a Ɗinkin Yaronka

Ɗana, ya mai jiki? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ne. Ka gaishe mini da abokina, yaron naka, ka ce masa na ji labarin har ya fara rigimar a ba shi kunu, kuma in ya tashi akwai sauran ramuwar dara a tsakaninmu.

Jiya bayan la'asar ƙaninka ya dawo Farin Dutse, ya same ni a ƙofar gida, ya kwashe yadda kuka yi da likita ya faɗa mini. Ya ce da aka fito da yaron daga ɗakin tiyata, likita ya ja ka gefe ya ce an gode Allah, an ɗinke hujin da ke hanjin, an wanke cikin, amma ka zauna da shiri, don mai yiwuwa ne ɗinkin ya yi ruwa nan da 'yan kwanaki. Wai tun daga nan ka ɗaure fuska, kana cewa wane irin likita ne zai yi wa aikin hannunsa mugun baki, in ba ya san abin da ya ɓata a ciki ba ne yake share fage. Har ka fara zancen ɗauke yaron ku dawo gida a ƙarasa da na gargajiya. Wannan magana ita ta hana ni barci. Tunda gwiwa ba ta barina hawa mota yanzu, sai na ɗauki alƙalami.

Ka san na yi shekara talatin da 'yan kai ina wankin ciwo a ɗakin maza masu tiyata kafin in ajiye aiki. Ban taɓa riƙe wuƙar likita ba, amma hannuna ya buɗe filasta a kan cikin mutane fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Don haka ka ba ni aron kunnenka.

In hadari ya haɗo daga gabas, iska ta fara kaɗa darbejiyar ƙofar gidanku, kai ne kake ce wa mata su kwashe shanya. Babu wanda ya taɓa ce maka ɗan duba, babu kuma wanda ya ce kai ka kira ruwan. Ka dai ga alamun da ka sha gani, ka faɗi abin da yakan biyo baya, wani lokaci ruwan ya sauka, wani lokaci iska ta watsa shi. Abin da likitan ya yi ke nan. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma su ma likitoci suna da tasu Larabar da suke dubawa.

Abu na farko da suke dubawa shi ne abin da suka tarar sa'ad da suka buɗe ciki. Tun 1964 likitoci a Amurka suka kasa raunukan tiyata gida 4, har yau kuma da wannan rabon ake aiki a ko'ina. Gida na farko shi ne aiki mai tsabta, wanda ba a taɓa hanji ba, kamar yawancin aikin gwaiwa. Na biyu shi ne inda likita ya buɗe hanji da kansa, a tsanake, bai bari komai ya zuba ba. Na uku shi ne inda abin da ke cikin hanjin ya kwarara ana tsakiyar aiki. Na huɗu shi ne inda aka buɗe aka tarar tuni mugunya ko bayan gida sun malale a cikin ciki. Hanji kuwa gidan ƙwayoyin cuta ne, suna zaune a ciki lafiya lau ba su damun kowa, sai bango ya tsage ƙadangare ya samu wurin shiga. Yaronka taifot ne ya huda masa ƙarshen ƙaramin hanji, kuma abin ya kwana biyu yana zuba kafin a kai ga wuƙa. Yana gida na huɗu. Duk yadda likita ya wanke cikin da ruwan gishiri, ta bakin yankan nan ƙazantar ta fito, ta shafi kitse da fatar da za a ɗinke.

A 1991 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fitar da wani ma'auni mai tambaya 3, kowace tambaya maki 1. Shin raunin yana gida na uku ko na huɗu? Shin jikin majinyacin ya riga ya galabaita kafin aiki, bisa awon da likitan sa barci yake yi? Shin aikin ya ɗauki lokaci fiye da yadda irinsa ya saba ɗauka? Da suka bi alƙaluman asibitocinsu, sai suka ga wanda ba shi da maki ko ɗaya, cikin mutum 100 bai kai 2 ba ne ɗinkinsu yake ruɓa, mai maki 3 kuwa 13 ne cikin 100. Ban da waɗannan, likita yana duba ciwon suga, da ƙarancin jini, da rama ko ƙiba mai yawa, da shan taba, da kuma ko aikin na gaggawa ne ko an shirya masa.

Wancan lissafi na ƙasar masu hali ne. Namu ya fi nauyi. A 2018 aka wallafa wani babban bincike da ya bi majinyata 12,539 da aka yi wa aikin ciki da hanji a asibitoci 343 na ƙasashe 66. A ƙasashen da suka ci gaba, kimanin 9 cikin 100 ne ɗinkinsu ya kamu. A ƙasashe matalauta 23 ne. Da aka ware 'yan gida na huɗu kaɗai, irin yaronka, sai adadin ya kai kusan 40 cikin 100 a ƙasashe matalauta.

Ka tsaya ka dubi wannan 40 ɗin da kyau, don a nan mutane suke ruɗewa. Ma'anarsa, in aka jera yara 100 masu irin lalurar ɗanka, kusan 40 ɗinkinsu zai yi ruwa, 60 kuma su warke sumul. Lissafin bai san sunan kowa ba. Likita bai san a wane layi Allah Ya sa yaronka ba, mu ma ba mu sani ba. Amfanin sanin adadin shi ne ya gaya wa likita yadda zai yi shiri. Saboda shi ne za ka ga wani lokaci an ɗinke naman ciki gam amma an bar fata a buɗe ko an yi mata ɗinki jefi-jefi, don in ruwa ya taru ya samu hanyar fita, sai bayan kwana huɗu ko biyar a rufe. Saboda shi ne ake riƙe wani a gado alhali na kusa da shi an sallame shi. Saboda shi ne kuma aka kira ka gefe aka faɗa maka tun da wuri, don kada ranar da ka ga auduga ta jiƙe ka ɗauka sama ce ta faɗo. Ni a aikina, likitan da yake faɗin irin wannan magana shi na fi sakin jiki da shi, don alama ce yana sa ido.

Yanzu bari in faɗa maka wadda ta fi ɗaci, kuma Allah Ya sani ba don in ɗora maka laifi ba ne. Wani kaso mai yawa na wannan haɗari a gida aka rubuta shi, tun kafin likita ya ga fuskar yaron. Ka ƙirga da ni. Zazzaɓi ya yi mako biyu yana cinsa, kuna karɓo ƙwaya a kemis, ya sha ta kwana biyu, jiki ya yi sanyi a ajiye, ya dawo a canza wata. Taifot kuwa a mako na biyu zuwa na uku yake yin ɓarnarsa, yana cin bangon hanji ta ciki har ya ɓula. Daren da yaron ya ƙwalla ƙara ya riƙe ciki, cikin ya ƙame kamar allo, ya daina bayan gida da tusa, wannan daren ne hanjin ya huje. Da safe aka ba shi jiƙo don a wanke cikin. Aka jira ranar kasuwa a sayar da akuya. Na san aljihunka, na san kuma ba wanda ya fi ka son yaron nan. Amma kowace sa'a da ta wuce a tabarmar nan, ƙazanta tana ƙara bazuwa, jini yana ƙara gurɓata, jiki yana ƙara bushewa, duk kuma su ne abubuwan da ma'aunin likita yake ƙirgawa.

Ƙwayoyin kemis ɗin nan ma suna da nasu bashin. A binciken 2018 da na ambata, cikin waɗanda aka gwada mugunyarsu a ƙasashe matalauta, fiye da 1 cikin 3 ƙwayar cutar da ta kama su ba ta jin maganin da aka ba su kafin aiki. Shan magani rabi da rabi yana cikin abin da ke koya wa ƙwayar cuta taurin kai. Saboda haka in likita ya tambaye ka me da me yaron ya sha, ka zazzage masa duka, har kwalayen in suna nan, har jiƙon da sassaƙen. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kada ka ɗauka ni na fi ka. Sa'ad da nake saurayi a wannan aiki, daren jajibirin tiyata nakan ɗauki reza in aske cikin majinyaci tas, ina alfahari babu mai aski mai kyau kamar nawa. Haka aka koya mana. Daga baya aka gano reza tana barin ƙananan tsagogi da ido ba ya gani, ƙwayoyin cuta su kwana a ciki suna hayayyafa kafin gari ya waye. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarwari 29 kan kare raunin tiyata, a ciki ta hana aski da reza, ta ce in dole ne a rage gashin da injin aski. Allah kaɗai Ya san mutum nawa askina ya jawo wa wahala alhali ina nufin alheri. Na faɗa maka wannan ne don ka san kuskuren da aka yi da kyakkyawar niyya istigfari ake yi masa, a gyara, a wuce.

Su ma asibiti suna da nasu rabon, kuma ana ta ƙoƙari a kai. A cikin shawarwarin nan akwai yi wa majinyaci wanka kafin aiki, da ba shi allurar kashe ƙwayoyin cuta a cikin minti 120 kafin a sa wuƙa. A 2022 aka wallafa sakamakon wani gwaji da aka yi a ƙasashe 7, har da Najeriya da Gana da Benin, a kan majinyata 13,301. Abin da aka gwada ƙarami ne: idan an gama aikin hanji za a rufe ciki, likita da mataimakansa su canza safar hannu, su ɗauko sababbin kayan aiki. Wannan kaɗai ya sauko da ruɓewar ɗinki daga kusan 19 cikin 100 zuwa 16. Ka ga ke nan adadin da likita ya faɗa maka abu ne mai motsi, ana iya tura shi ƙasa, kuma kai ma kana da hannu a turawar.

Bari in nuna maka abin da za ka iya gani, don kada ya zo maka a ba-zata. Yawanci tsakanin kwana na huɗu da na bakwai abin yake bayyana. Zazzaɓin da ya sauka sai ya dawo da yamma. Yaro ya ce ɗinkin yana masa zogi kamar ana bugun ganga a ciki. Da safe nas za ta turo keken wankin ciwo, ta wanke hannu, ta sa safa, ta jiƙa filastan ta ɗaga shi a hankali. Za ka ga gefen ɗinkin ya tasa, yana sheƙi, ya fi sauran fatar zafi, zaren ya nutse a cikin kumburi. Za ta danna gefe da gefe da yatsa biyu, sai wani ruwa mai kauri ya tsatso ta tsakanin zare. Daga nan za ta ɗauki almakashi ta cire zare ɗaya ko biyu, bakin ya buɗe, mugunyar ta kwararo, wani lokaci da warin da zai sa ka kau da kai. A nan ne iyaye suke salati suna cewa an farke aiki. Ni kuwa a nan nake ajiyar zuciya, don mugunyar da ta fito ta daina cin nama. Za a wanke ramin da ruwan gishiri, a cusa auduga mai laima, a rufe. Gobe a sake, jibi a sake. Bayan 'yan kwanaki za ka leƙa ka ga ƙasan ramin ya yi ja jawur kamar tsokar kankana, sabon nama ke nan yana tasowa daga ƙasa. Irin wannan miki daga ciki yake cikowa, yana iya ɗaukar makonni, kuma tabonsa zai yi faɗi. Tabo ba ya hana noma.

Akwai alamu biyu da ba a jira musu zagayen safe. In ka ga wani ruwa tsararo mai launin ruwan wankin nama ya jiƙe bandeji sharkaf, galibi wajen cikar mako, ka kira ma'aikaci nan take, don yakan zama gargaɗi cewa ɗinkin ciki yana shirin sakewa. In har ya buɗe ka ga hanji, kada kowa ya tura shi da hannu, a rufe da tsumma mai tsabta mai laima, yaron ya kwanta ya tanƙwashe gwiwa, a kira likita. Ta biyu, in abin da ke fitowa ya zama kore ko ruwan ƙasa mai warin bayan gida, wannan daga hanjin yake, aikin likita ne shi ma.

To, mene ne naka a ciki? Na farko, hannu. Sabulu da ruwa kafin ka taɓa yaron, bayan ka kai shi bayi, kafin ka ba shi abinci. Na san mutanenmu da zumunci, mota guda za su cika su zo dubiya, kowa yana so a ɗaga riga ya ga wurin, wata ma ta ɗaga filastan ta yi tofi a kai. Ka tare su da fara'a, ka ce likita ya hana. Addu'a tana isa inda aka aike ta ko da bandeji a rufe. Kada a shafa man shanu, ko toka, ko garin magani, ko a fasa kafso a barbaɗa. Ko zuma ce, in ba ma'aikacin da ke wankin ne ya ce a sa ba, a bar ta a sha a kunu.

Na biyu, abinci, da zarar likita ya ba da izini. Na san Goggonka za ta ce ƙwai da gyaɗa da madara suna sa miki ya yi ruwa. Mun yi shekara arba'in muna wannan gardama da ita, ban ci nasara ba, amma kai ka ji daga gare ni: da irin wannan abinci jiki yake saƙa sabon nama. Yaron da taifot ya yi sama da mako biyu yana ci ya riga ya rame, kunu zalla ba zai rufe masa ciwo ba. A ba shi ƙwai, wake, awara, kifi, ɗan nama, miyar zogale, kaɗan-kaɗan sau da yawa. A tashe shi ya taka ko zuwa bakin ƙofa ne, in zai yi tari ya dafe cikin da matashi.

Na uku, bayan sallama. A lissafin likitoci, duk ruɓewar da ta taso cikin kwana 30 bayan aiki ta aikin ce, kuma da yawa sai an koma gida take fitowa. Saboda haka ranar da aka ba ku takardar sallama ka ɗauki kalanda ka ƙirga. Kafin ku baro asibiti ka tambaya a ina za a ci gaba da wankin, a asibitin da ke kusa da mu ko sai an koma, kuma ka karɓi lambar wayar da za ka kira. Ranar da aka rubuta ku dawo, ku koma, ko da yaron yana guje-guje a tsakar gida. Ka ware kuɗin motar tun yanzu ka ba uwarsa ta ɓoye, kada a sake jiran ranar kasuwa.

Sauran yaran gidan kuma suna shan ruwan da ya sha. Taifot ta ruwa da abincin da bayan gida ya gurɓata yake shiga, ya fi yawa inda rijiya ba ta da murfi kuma ake zagayawa a fili. A tafasa ruwan sha, a rufe randa, a ware mata moɗa guda. Duk wanda zazzaɓi ya wuce masa kwana uku bai sauka ba, a kai shi a auna. In kuwa mai zazzaɓi ya kama ciki farat ɗaya, cikin ya ƙame, kada a ba shi ci ko sha, kada a ba shi maganin wankin ciki, a nemi mota ko tsakar dare ne. Ga asibitin Gwaram, ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu, in abin ya fi ƙarfinsu ga asibitin Rasheed Shekoni a Dutse da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A ci bashi a tafi, akuyar a sayar da ita daga baya.

Gobe da safe in likita ya zo zagaye, ka miƙe ka gaishe shi da sakin fuska. Ka tambaye shi me ya tarar a cikin, wace alama yake so ka sa wa ido, kuma me kake iya yi da hannunka. Ba sai ka ba shi haƙuri da baki ba, tambayar ta isa ya gane. Zancen ɗauke yaro kuwa ka bar shi a inda ka faɗe shi.

Goggonka ta aiko ƙaninka da ƙwan zabi goma sha biyu. Ta ce na masu jinya ne, ban da mai ciwo. Ni kuma na ce ka dafa wa abokina biyu kullum, in ta tambaya ka ce Baffa ne ya sa. Allah Ya tashi kafaɗunsa, Ya ba ku ladan jinya, Ya dawo mana da ku gida lafiya.

Baffanka,
Farin Dutse.